An Hana Ɗanka Gurbi a Jami'a: Sai Kuma Me?

  Da aka aiko mini da kan maganar, na ce wa magatakarda ai ni ba malamin jami'a ba ne, makarantar tauhidi na yi. Sai ya ce, "Fasto, in an hana yaro gurbin karatu, ba ofishin shugaban jami'a iyayensa suke zuwa su yi kuka ba, gidanka suke zuwa." Na rasa ta cewa, sai na karɓa.

Gaskiyarsa kuwa. Shekara uku da suka wuce, wani dattijon ikilisiyarmu ya zo gidana da dare, ɗansa na biye da shi. Yaron ya gama ƙaramar difloma a foliteknik, wadda ake kira ND, a fannin kwamfuta. Sau biyu yana sayen fom na shiga jami'a kai tsaye, wato abin da yaranmu ke kira DE, sau biyun kuwa sunansa bai fito ba. Ko ruwan da aka kawo uban bai sha ba, ya ce, "Fasto, ka gani ko? Sunan nan ne. Da sun ga sunan baftisma sai su ture takardar gefe." Abin da ya kawo shi shi ne ya ji ra'ayina a kan shawarar da wani ya ba shi, cewa a je kotu a yi takardar rantsuwa a sauya wa yaron suna.

Na ce, "Baba, kafin mu kai ga kotu, bari mu ga takardun." Yaron ya zazzage su daga cikin leda. Muka haska fitila muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon difloma yana da kyau. Da muka zo kan takardar sakandare sai ga D7 a Turanci. Foliteknik ta karɓe shi a haka, amma jami'a ba ta karɓa. Ko wane suna ke kan wannan takarda, na majami'a ko na masallaci, ba za ta wuce ba. Shekara biyu ana addu'a da azumi a gidan nan ana tsauta wa magabta, alhali kuwa magabcin yana kwance cikin leda a ƙarƙashin katifa.

Kada wani ya ce na ce ba a nuna mana bambanci. Zan zo kan wannan, don ina da labarinsa shi ma. Amma ina so mu fara da Maganar Allah, daga Ayyukan Manzanni sura 16. Za ku tuna Bulus da Sila, tare da Timoti da suka ɗauka a Listira, sun ratsa ƙasar Firijiya da Galatiya. Sun so su yi wa'azi a Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana su. Suka juya za su shiga Bitiniya, nan ma ba a yardar musu ba. Ƙofa biyu ke nan a jere. Ba a ce sun koma Antakiya sun zauna suna ƙunci ba, ba a kuma ce sun haura katanga sun shiga Bitiniya da ƙarfi ba. Sun ci gaba da tafiya ta hanyar da ta rage har suka gangara Taruwasa a bakin teku, can ne Bulus ya ga wahayin mutumin Makidoniya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙarshen ƙofofin nan biyu ba ɗaya ba ne. Asiya ta buɗe daga baya, don a sura 19 mun ga Bulus ya yi fiye da shekara biyu yana koyarwa a Afisa, babban birnin Asiya ɗin da aka hana shi. Bitiniya kuwa ba mu karanta ko'ina cewa ya taka ta ba, ko da yake bishara ta kai can ta hannun waɗansu, tun da Bitrus ya ambaci masu bi na Bitiniya a farkon wasiƙarsa ta fari. Wata ƙofar "ba yanzu ba" ce, wata kuwa "ba taka ba" ce. Aikin iyaye da dattawa shi ne su taimaki yaro ya gane wace iri ce a gabansa. Sai dai in yi gargaɗi: ba kowace hanawa ce ta Ruhu Mai Tsarki ba. Wata hanawar ta D7 ce.

To, yaya ake gane dalili? Tilas mu iyaye mu san yadda abin yake tafiya, ko da sama-sama ne. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ƙofar shiga kowace jami'a a ƙasar nan, har ga mai difloma. Tun 2017 ta kawo tsarin da ake kira CAPS, inda kowane gurbi da makaranta za ta bayar sai ya bi ta na'urar hukumar, yaro kuma yana iya duba matsayinsa a wayarsa. Mai neman shiga kai tsaye yana bukatar kiredit biyar a jarrabawar sakandare, a zama ɗaya ko biyu, galibi har da Turanci da Lissafi, kuma darussan su dace da fannin da yake nema. Sannan a dubi matakin diflomarsa. A foliteknik ana auna maki a kan 4. Daga 3.5 zuwa sama shi ne mataki mafi girma, daga 3.0 zuwa 3.49 shi ne wanda yara ke kira "ofa", daga 2.5 zuwa 2.99 "lowa", ƙasa da haka kuwa fas ne kawai. Jami'o'i da yawa ba sa duban mai ND sai yana da ofa, waɗansu suna karɓar lowa a wasu fannoni. Wanda ya kai lowa inda ake neman ofa ya yi asarar kuɗin fom tun kafin ya bar gida.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da suke kayar da yara, waɗanda ba su shafi ƙwaƙwalwa ba sam. Wani ya sayi fom na JAMB amma bai sayi na tantancewa na jami'ar ba, ya zauna yana jira. Wani bai ɗora sakamakon sakandarensa a na'urar JAMB ba. Wani makarantarsa ba ta aika da cikakken sakamakonsa zuwa jami'ar ba, shi kuwa bai bi sawu ba. Tun 2023 hukumar ta tsananta bincike a kan takardun masu shiga kai tsaye saboda jabu da aka yi ta kamawa, don haka takardar da makarantar da ta bayar ba ta tabbatar da ita ba tana nan a ajiye. Mafi ciwo shi ne yaron da foliteknik ta ɗauke shi ta bayan gida, ba ta hanyar JAMB ba. Ya yi karatun, ya ci, amma a littafin hukumar babu alamar ya taɓa shiga makaranta. Irin wannan sai ya fara zuwa ofishin JAMB na jiharsa da makarantarsa ya ji matsayinsa kafin ya ƙara kashe ko sisi.

In duk waɗannan sun cika, saura maganar wuri. Gurbin shiga kai tsaye kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da na masu jarrabawar UTME, masu nemansa kuwa ba masu difloma kaɗai ba ne, akwai masu NCE da masu IJMB da sauransu. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko. Yawancin jihohinmu na Arewa suna cikin wannan rukuni na ƙarshe. Ashe takardar shaidar ƙaramar hukuma tana da nauyi, kuma a nan ne ciwonmu yake, mu da muke tsiraru a garuruwan da aka binne cibiyar kakanninmu.

Ga labari na biyu. Wata yarinya daga wata ikilisiyar ƙauye, marainiya ce, zumuntar mata ce ta riƙe ta har ta gama ND da ofa. Na bi takardunta kamar yadda na bi na wancan yaron, ban sami aibu ko ɗaya ba. Wata huɗu tana zirga-zirga kafin a sa mata hannu a takardar shaidar ƙaramar hukuma, ana ce mata mai wannan suna ba ɗan nan ba ne, alhali kabarin kakanta yana bayan garin. Da sunaye suka fito babu nata, ga kuma 'yan ajinsu biyu masu lowa sun samu a fannin da ta nema. Ban shiga zuciyar kowa ba, amma ba zan tsaya a gabanku in ce muku babu komai a nan ba.

Me za a yi a irin wannan? Ku koma ƙarshen sura 16 ɗin nan. Bayan an yi wa Bulus da Sila dūka a Filibi an kulle su, da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye. Bulus bai karɓa ba. Ya tuna musu cewa shi da Sila 'yan ƙasar Roma ne, an kuwa doke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, don haka su zo da kansu su fitar da su. Suka kuwa zo. Mutumin da bai yi gardama da Ruhu a kan Bitiniya ba, shi ne ya tsaya a kan haƙƙinsa a gaban hukuma. Bai zagi kowa ba, bai tara 'yan zanga-zanga ba, doka ya sani ya kuma ambace ta. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko ƙabilarsa ko asalinsa. JAMB tana da hanyar karɓar ƙorafi, akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a mai ofis a jihohi. Amma hukuma ba ta aiki da "an ce". Tana aiki da takarda, da lamba, da kwanan wata. Mun rubuta wa yarinyar nan takardar koke, muka haɗa da kwafin komai. Har yau ba mu sami amsa daga wancan wuri ba, na faɗa muku gaskiya. Sai dai ba mu zauna jiran amsar ba. Shekarar da ta biyo ta nemi wata jami'ar tarayya a wata jiha, aka ɗauke ta aji biyu.

Wannan ita ce hanya mafi kusa, kuma ita muka fi mantawa: a sake nema, amma a sauya wuri. Mu mutanen Arewa zuciyarmu tana Zariya da Jos da Kano da Maiduguri, kamar babu sauran jami'o'i. A 2011 gwamnatin tarayya ta buɗe sababbi a Kashere, Wukari, Lafiya, Dutse, Dutsin-Ma da Lokoja, a 2013 ta ƙara na Gashuwa, Gusau da Birnin Kebbi. Ga na jihohi a Keffi, Mubi, Gombe, Kaduna, Bokkos, Jalingo da sauransu. Hukumar NUC ɗaya ce take tantance su duka, digirinsu kuma digiri ne. JAMB tana ba da damar sauya makaranta ko fanni a cikin shekarar, in dai makarantar da ake so ba ta rufe ɗauka ba. Wanda kuma matsalarsa takardar sakandare ce, ga jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu kowace shekara. Yaron dattijon nan abin da ya yi ke nan. Ya sake zama, ya sami C6 a Turanci, ya nemi wata jami'ar jiha, yanzu yana can da sunan da aka yi masa baftisma da shi.

Yanzu bari in juya ga waɗanda suka riga suka gama babbar difloma, HND, don nasu lissafin daban ne. Kafin mu ce wa irin wannan ya bi nan ko can, sai mu tambaye shi: ɗana, me za ka yi da digirin? Tambayar ba ta raini ba ce. Amsarta ce take zaɓen hanya.

In ma'aikaci ne da yake so ya ci gaba a wurin aikinsa, ko ya sami digiri na biyu, sau da yawa ba ya bukatar komawa aji biyu ko uku ya zauna da 'ya'yan cikinsa. Akwai diflomar gaba da digiri, PGD, wadda jami'o'i da yawa suke karɓar mai HND a cikinta kai tsaye, ba ta hanyar JAMB ba. Galibi shekara ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi, a wurare da yawa kuma ana yin ta a ƙarshen mako. In ya ci da kyau sai ya wuce digiri na biyu. Mai HND a aikin injiniya da ya ƙara PGD da aka amince da ita a fanninsa yana iya neman rajista a matsayin cikakken injiniya a hukumar COREN. Mai HND a aikin akanta yana da jarrabawar ICAN, yana kuma da kwalejin akantoci ta ANAN da ke Kwall kusa da Jos, ga ta nan a ƙofar gidanmu. Amma ku riƙe wannan da kyau: PGD ba digiri na farko ba ce. Wanda burinsa ya koyar a jami'a, ko ya nemi aikin da aka rubuta ƙarara cewa sai mai digiri na farko, zai iya tara PGD da digiri na biyu a kai, ranar tantancewa a tambaye shi ina na farkon. Na san wani ɗan'uwa da hakan ta same shi yana da shekara 41. Irin wannan gara ya haƙura ya yi digirin farkon tun da sauran ƙarfi.

Wani zai ce, ai an ce gwamnati ta daidaita HND da digiri. Majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, amma Shugaba Buhari bai sa masa hannu ba har ya sauka a 2023. Ni a ganina bambancin ba adalci ba ne. Mai HND ya yi shekara biyu, ya yi shekara ɗaya ta koyon aiki, ya koma ya yi shekara biyu, shekara biyar ke nan, ya kuma yi bautar ƙasa kamar kowa. Amma ba a kan abin da ya kamata za mu shirya wa yaro rayuwarsa ba, sai a kan abin da yake ƙasa.

Ga mai iyali ko mai aiki da yake bukatar digiri na farko, hanyar da na fi nuna wa mutane ita ce karatu daga gida. Jami'ar NOUN ta gwamnatin tarayya ce. An kafa ta a 1983 zamanin Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Tana da cibiyoyin karatu a jihohi, ba a zama jarrabawar UTME kafin a shige ta, kuma tana ɗora mai difloma a aji biyu ko uku gwargwadon takardarsa da fanninsa. Na san yadda waɗansunmu suke yamutsa fuska in an ambace ta, wai ba jami'ar gaske ba ce. To Obasanjo da kansa ya zama ɗalibinta, ya karanta tauhidin Kirista, har ta ba shi digirin digirgir a Janairun 2018 yana da shekara 80. Gemu ba ya hana ilimi. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da cibiyar karatu daga nesa, haka ta Maiduguri, da ta Modibbo Adama a Yola, da ta Abuja.

Ba zan ɓoye muku wahalarta ba. Ba kowane fanni ake samu ba. NOUN ba ta koyar da aikin likita ko na injiniya. Babu malamin da zai tsaya a kanka kowace safiya, babu ƙararrawa. Wanda ba ya iya tashi da asuba ya buɗe littafi shi kaɗai zai biya kuɗin zango biyu ya watsar. Tana kuma bukatar waya mai kyau ko kwamfuta, da kuɗin data, da wutar caji, waɗanda a ƙauyukanmu ba ƙaramin abu ba ne. A nan nake ganin ikilisiya tana da abin yi. Majami'u da yawa yanzu suna da sola saboda kayan kiɗa. Daga Litinin zuwa Juma'a wutar tana zaune ba mai amfani da ita. Me zai hana a buɗe ɗakin makarantar Lahadi da yamma, a sa tebur biyu, masu karatu daga gida su zo su yi caji su yi karatu tare?

Jami'o'i masu zaman kansu ba zan daɗe a kansu ba, don kowa ya san inda gizo ke saƙa. Muna da namu na ikilisiya: Bingham ta ECWA a Karu da ta Mkar a Binuwai, dukansu tun 2005, da Karl Kumm ta COCIN a Vom wadda ta sami lasisi a 2021. Samun gurbi a cikinsu ya fi sauƙi, kuɗin ne dutse. Waɗansu jami'o'i masu zaman kansu suna da shiri na musamman na mayar da HND digiri cikin kamar shekara biyu. Mai hali ya gwada, bayan ya tabbatar NUC ta amince da jami'ar da kuma fannin. Amma kada uba ya sayar da gonar da take ciyar da gida saboda kuɗin shekarar farko, bai san inda na ta biyu zai fito ba. Ubangijinmu ya yi maganar mai ginin da bai zauna ya yi lissafi ba, a Luka 14. Ga masu shiga makarantun gwamnati kuwa, tun 2024 akwai asusun NELFUND mai ba ɗalibai rance ba ruwa. Bashi ne, za a biya, amma yaro ya san da shi. Wanda kuma yake da ƙuruciya, ND kawai ya yi, kuma zuciyarsa tana kan wani fanni dabam da abin da ya karanta, babu kunya ya sake zama UTME ya fara daga aji ɗaya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Saura hanyoyin da nake roƙonku cikin sunan Ubangiji ku tsare 'ya'yanmu daga gare su. Yaron da aka hana sau biyu zuciyarsa ta yi laushi, duk wanda ya zo masa da magana mai daɗi zai saurara. A ƙarshen Disamba 2023 wani ɗan jarida na jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taka aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. Cikin kwanaki kaɗan, a farkon Janairun 2024, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agustan shekarar ministan ilimi ya ce fiye da mutum 22,000 ne suke yawo da irin waɗannan takardu na jabu. Ku yi tunanin kuɗin da iyaye suka zuba. Waɗansunsu sun yi godiya a majami'a, an yi musu addu'a, mun ci shinkafa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ba ina cewa duk wanda ya yi karatu a waɗannan ƙasashe na jabu ne ba, akwai jami'o'in gaske a can. Amma digirin da ake kawo maka gida a ambulan, kai ma ka san abin da ka saya.

Ko abin da ya fito daga hukuma ma sai an bincika. A 2023 hukumar NBTE, mai kula da foliteknik, ta sanar da shirin shekara ɗaya ta intanet na ɗaga HND zuwa digiri tare da jami'o'in ƙasashen waje. Ba a jima ba NUC ta fito ta ce ba da yawunta ba, ita ce kuwa doka ta ba ikon tsara digiri a Nijeriya. In manya biyu suna jayayya, kada ɗan talaka ya sa kuɗinsa a tsakani sai ya ga takardar amincewa da idonsa.

Sai kuma mai cewa yana da mutum a ciki, a kawo kaza a sa suna. Ban da zunubin cin hanci, abin ma ba ya aiki kamar dā, don gurbin da bai bi ta CAPS ba JAMB ba ta san da shi ba, yaro zai gama shekarunsa a zo bautar ƙasa a ce babu sunansa. Maganar sauya suna kuwa, ko sayen takardar wata ƙaramar hukuma, na gaya wa dattijon nan a daren abin da zan gaya muku. Sunan da ke kan takardar sakandare da difloma ba zai sauya ba, sai a sami takardu masu suna biyu, wannan kaɗai ya isa a ture su. Ban da haka, me muka koya wa yaron? Mun koya masa cewa in ƙofa ta yi ƙunci, abin da ake fara ajiyewa a waje shi ne shaidarsa. Kakanninmu da suka karɓi bishara a garuruwan nan sun rasa gonaki da mata da gādo saboda wannan suna. Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Fasto, a ba ni ruwan nan in sha."

Akwai laifin da yake namu, mu na kan bagade da na kujerun gaba. In yaro ya gama jami'a mukan kira shi gaba da rigarsa, a yi guɗa. In ya gama foliteknik sai a sanar a cikin sanarwa, tsakanin taron kwamiti da ranar sharar majami'a. Yara suna gani. Shi ya sa mai HND a aikin lantarki, wanda hannunsa yake ciyar da gidansu har da ƙannensa, yake jin kamar bai yi komai ba sai ya sami digiri, ko da na Kwatano ne. Mutum na farko da Littafi Mai Tsarki ya ce Allah ya cika shi da Ruhunsa domin wani aiki, a Fitowa 31, Bezalel ne, mai aikin ƙarfe da itace da duwatsu. Bulus ɗin da muke magana a kansa maɗinkin tanti ne. Akwai yaran da in mun zauna da su muka yi tambayar nan, me za ka yi da digirin, za a ga ba su da amsa sai dai don kada a raina su. Irin waɗannan Bitiniya ce suke bugawa. Jari suke bukata da kayan aiki, da ikilisiyar da za ta ba su kwangilar wayarin majami'a maimakon ta kira baƙo.

Ina da roƙo ga wannan taro, Shugaba, in an yarda a sa shi cikin abin da za a tattauna. A kowace gunduma muna da malaman makaranta, da ma'aikatan foliteknik da na jami'a, da waɗanda suka yi ritaya. A zaɓi mutum uku, a sa mace a cikinsu, don 'yan mata ba sa sakin jiki su kawo takardunsu gaban maza zalla. Aikinsu shi ne kafin JAMB ta buɗe sayar da fom a farkon shekara, kowane yaro mai niyyar nema ya kawo musu takardunsa na asali su duba: sakamakon sakandare, na difloma, takardar shigarsa foliteknik ta JAMB, da ta ƙaramar hukuma. Su buɗe ƙa'idodin makarantar da yake so su gwada. Su kuma riƙe littafi guda, su rubuta sunan duk wanda ya nema, da makinsa, da inda ya nema, da abin da ya fito. In mun yi haka shekara uku, ranar da shugabanninmu za su je gaban gwamna ko wata hukuma a kan maganar bambanci, littafi za su ɗauka su tafi da shi. A ikilisiyarmu mun fara bara da yara 11. Huɗu daga cikinsu mun hana su sayen fom sai sun gyara takardar sakandare, iyayen biyu sun yi fushi da ni har Ista. Littafin yana nan cikin jakata, duk sakataren gundumar da yake so ya ga yadda muka tsara shi ya same ni bayan an tashi cin abinci.